Wanda Ya Kashe Allon Mararrabar Solgol

Da gari ya waye bayan guguwar nan ta ƙarshen damina, abin da mutanen Solgol suka fara gani shi ne motar Hye-ran kife cikin rafi, ƙafafu sama. Kayan da take kawo mana talla, su awara da busasshen kifi da sabulu da batir, duk ruwa ya watsa su a tsakanin duwatsu. Rabin tsohuwar hanya ne ya zabtare a daidai kwana, ita kuma ta shigo kwanar da sassafe ba ta sani ba. An fito da ita da ranta, amma ƙugu ya karye, ƙafa ma ta karye.

Ba a jima ba aka gano dalili. A can ƙasa, inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta hau tsauni ta biyo ta garinmu, ɗaya ta shige ramin da aka haƙa cikin dutse, akwai allon lantarki a kan doguwar sanda. Shi ke gaya wa direbobi abin da ke gabansu. Wata rana ya ce ƙanƙara ta daskare a kan gada, wata rana ya ce mai jin barci ya tsaya ya huta, wata rana ya rubuta kamannin wani tsoho da hankalinsa ya gushe ya ɓace. To, ofishin hanya sun rantse sun aika masa saƙo tun kafin asuba: an rufe tsohuwar hanya, ƙasa ta zabtare, a bi ta rami. Saƙon bai fito ba. Allon baƙi ƙirin yake. Da ɗan sanda ya buɗe akwatin ƙarfen da ke gindin sandar, sai ya tarar an sauke makunnin wutar. Ba iska ba ce, ba tsawa ba ce. Hannu ne.

Mahaifin Hye-ran shi ne Pyo Man-gil, mai farautar aladen daji. Duk ƙauyen da alade ya addabi gonakinsu shi suke kira, domin yana iya duba laka ya gaya maka dabbar namiji ce ko mace, ta ƙoshi ko da yunwa ta wuce. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma tun da matarsa ta rasu ta bar masa yarinyar tana rarrafe, maganar ta ƙara ƙaranci. A ranar nan kuwa ko ƙwayar kalma bai furta ba. Ya tsaya a bakin rafin yana kallon motar, jijiyoyin wuyansa sun miƙe.

Mutanen gari ne suka yi maganar a madadinsa. Kafin rana ta take, suna ɗaya ke bakin kowa: Ra Dong-pil, mai shagon taliya a gefen tsohuwar hanya. Baƙo ne, daga birni ya dawo nan, kuma kowa ya san gabarsa da allon. Da an rubuta a bi ta rami, shi ke nan, ranar taliyarsa a tukunya za ta wuni. An sha jinsa yana zagin allon, an taɓa ganinsa yana harbin sandar da ƙafa. Mai gari Byeon kuma ya ce shi da idonsa ya ga babur ɗin Ra a mararraba da yammacin da za a yi guguwar.

Man-gil bai tsaya jin sauran ba. Ya ɗauki sandarsa ta hawan dutse, ya gangara shagon, ya sauke ta a kan gilashin babbar tagar. Ra ya fito da ludayi a hannu, fuskarsa ta yi fari, ya fara rantsuwa. Man-gil ya cakumi wuyan rigarsa, sai da maza suka taru suka ɓamɓare shi. Ɗan sanda Seok ya gaya wa Ra kada ya bar gari, da an share hanya za a zo a tafi da shi ofis. Daga ranar ba wanda ya ƙara amsa gaisuwarsa.

*

Washegari Man-gil ya je asibiti. Ya tarar da 'yar a kwance, an ɗaure ƙafar sama. Ta gaya masa ta fito da wuri ne saboda ta ji an tara tsofaffi a zauren gari sun kwana can, ta san za su buƙaci abinci da maganin ciwon gwiwa. Da ta iso mararraba ta ɗaga kai kamar kullum, ta ga allon bai ce komai ba, ta ɗauka hanya lafiya. Shi kuma ya ba ta labarin tagar, yana tsammanin zuciyarta za ta yi sanyi.

Ta juyo kai ta dube shi. Sannan ta ce, "Baba, ka ga sawunsa?"

Ya ce ruwan da aka yi ko sawun saniya ba zai bari ba.

"Ni dai tun ina ƙarama kake hana ni jifan daji don na ga ciyawa ta motsa. Ka ce sai na ga abin da ke ciki."

Man-gil ya miƙe. Ya gyara mata bargo da ƙarfi fiye da yadda bargon ke buƙata, ya fita. A cikin bas har gida yana jin haushinta, yana jin haushin kansa, don ya san gaskiya ta faɗa.

*

Ya fara bincikensa da Gu mai gwangwan, wanda aka taɓa kamawa da wayar tagulla ta gwamnati. Ya same shi a bayan gidansa yana tsinke tsofaffin tukwane. Gu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in da shi ne ya je wurin, ai ba makunni zai sauke ba, akwatin ma da ba a same shi ba. Ya ce Man-gil ya je ya duba, in an yanke waya ko taƙi ɗaya ce, ya dawo ya fasa masa tasa tagar, ko da yake shi leda ce a tasa. Wayar kuwa tana nan ba a taɓa ta ba.

Daga nan ya tare ɗan sanda Seok yana cin abincin rana a mota. Seok ya so ya kore shi, amma wanda 'yarsa ke kwance ba a iya korarsa. Ya gaya masa abin da ofishin hanya suka ce: allon ya daɗe yana ba su wahala. Tun tsakiyar damina yake ɗaukewa da magariba ya dawo da safe. Sun aiko ma'aikaci ba sau ɗaya ba, kullum da rana yake zuwa, ya tarar da allon yana aiki garau, ya koma. Makullin akwatin kuwa tsatsa ta cinye shi tun bara, an rubuta a canja, ba a canja ba.

Man-gil ya ce, "Da magariba yake ɗaukewa?"

Seok ya ce haka suka ce, ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Sai ya koma shagon Ra. An manna kwali a inda gilashin yake. Ra bai ba shi wurin zama ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a harɗe, ya ce in sauran tagogin ya zo ƙarasawa ga su nan. Man-gil ya tambaye shi abin da ya kai shi mararraba. Ra ya ce ya je ya ga ko sun rubuta za a rufe hanya, don ya san ko ya jiƙa garin taliya ko kada ya jiƙa, kuma a kunne ya bar allon.

"Yaushe kake rufe shago?"

"Da rana ta karkata. Wa ke hawa tsauni cin taliya mai sanyi da duhu? Ka zauna garin nan tun haihuwa, Yaya, ba ka san wannan ba?"

Man-gil ya sani. Abin da ya ci masa rai ke nan. Allon da ke ɓata wa Ra ciniki da rana yake ɓata shi. In ya mutu da magariba ya tashi da safe, ko kwano ɗaya bai ƙara masa ba.

*

Ya gangara mararraba a ƙafa, ya raɓa ta gefen da ƙasa ta zabtare. Ya tsaya gindin allon. An kunna shi, yana ta gaya wa motocin da babu su cewa an rufe tsohuwar hanya. Ya ji kamar ya ɗauki dutse ya jefe shi.

Laka ba ta riƙe komai ba, ya san haka. Amma idan sawu ya ɓace, mai farauta ba ya tsayawa kallon wuri ɗaya, kewayawa yake yi, yana faɗaɗa da'ira. Ta wajen kwalta ciyawa tsaye take har gwiwa, sai inda takalman 'yan sanda suka tattake jiya. Ta bayan sandar kuwa ya ga wata 'yar siririyar turba, ciyawar ta kwanta ta bushe, ƙasa ta daddaɓe. Ruwan dare ɗaya ba ya goge irin wannan, tafiyar dare ɗaya kuma ba ta yin ta. Irin turbar da dabba ke yi ce in ta saba zuwa mashaya ɗaya safe da yamma. Kuma ba kwalta ta nufa ba. Cikin gonar riɗin daji ta shige.

Ya bi ta. Ganyen ya goge masa wando, ƙamshinsa ya tashi. Sai ya ji ƙudan zuma suna ta kuka kewaye da shi. Ya sunkuya. Fure ne, ƙanana farare, a kan kowane tushe, tun daga tsakiyar gonar har zuwa wanda ke taɓa ƙafar sandar.

Ya daɗe a tsugune. Riɗin daji ba ya fure sai dare ya yi tsawo, ya yi duhu sosai, makonni a jere. Ko fitilar titi ce ta haska shi, ganye kawai zai yi ta yi har sanyi ya kashe shi. Tun da aka kafa allon nan, rabin gonar da haskensa ke dukawa bai taɓa fure ba. Ya sani, domin kowace shekara mai gonar sai ta yi ta mita, ta tsinke ganyen ta jiƙa a gishiri, ta cika wa gidansa kwalabe da shi har ya gundure su.

Mai gonar kuwa ita ce Goggo 'Yar Yeongwol. Mu nan da sunan garin da aka auro mace daga can ake kiranta, har a manta sunanta na yanka. Ita ta goya Hye-ran lokacin da uwar ta rasu. Ita ta koya mata riƙe tsinken cin abinci. Kowace kaka kwalbar farko ta man riɗin da ta matse gidan Man-gil take zuwa.

Ya miƙe, ya duba sama. Daga kan hanya, duk wanda ya wuce zai ga gonar fari fat. Sai fushin da yake ɗauke da shi ya sauya, ya yi sanyi, ya yi nauyi. Ya kama tushen da ke jikin sandar, ya tumɓuke shi har saiwa.

*

Da la'asar mai gari ya tara mutane a zaure, don a sa hannu a roƙi hukuma ta soke izinin shagon Ra. An kawo Ra an zaunar da shi kusa da ƙofa, inda ake cire takalma. Gu mai gwangwan ya zo kallo. Seok na tsaye jikin bango. Tsofaffin mata na zaune a ƙasa a jere, Goggo 'Yar Yeongwol a ƙarshensu, kanta a sunkuye tana murza bakin rigarta.

Mai gari Byeon na cikin bayani kan yadda garin nan bai taɓa ganin irin wannan ba sai da baƙi suka shigo, Man-gil ya turo ƙofa. Bai cire takalma ba. Ya taka shimfiɗar da laka, ya ajiye tushen riɗin a kan tebur, ƙasa na zuba daga saiwarsa.

Zauren ya yi tsit. Wannan shirun shi ya gama gaya masa komai. Ba wanda ya tambayi mene ne wannan.

Ya ce, "Mai gari, kai manomi ne. Daga ina na tumɓuke wannan?"

Byeon ya ce riɗi ai ko'ina akwai shi.

"Daga gindin allon. Ka gaya wa ɗan sanda dare nawa na duhu yake so kafin ya yi fure. Shi ɗan birni ne, bai sani ba."

Byeon ya shafa ƙeya, ya ce ba lokacin maganar noma ba ne yanzu. Man-gil ya juya ga sauran, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, wannan Yaya, wannan Goggo, wannan matar abokinsa. Kowa ya kawar da kai. Shi da kansa ya yi wa Seok bayanin, muryarsa ƙasa ƙasa: furen nan ba na daren guguwa ba ne, na makonni ne. Akwai mai zuwa kowace yamma ya sauke makunni, ya dawo da safe ya ɗaga. Turbarsa na nan cikin ciyawa, kuma daga gona ta fito.

Goggo 'Yar Yeongwol ta yi ƙoƙarin tashi, gwiwar ta ƙi, sai ta yi magana daga zaune. Ta ce ita ce. Ta ce shekara da shekaru tana kai kuka a karkatar da allon ko a rage haskensa, ana ce mata to, to. Ranar da ma'aikaci ya zo gyara ta kai masa dafaffen masara, ta ga inda yake taɓawa. Ba ta taɓa makara ba, kafin motar farko ta wuce ta riga ta hau kekenta na batir ta je ta kunna. Yammacin guguwa ta kashe kamar kullum, tana dawowa aka kwashe su zuwa zauren nan, aka kulle ƙofa, aka ce ba mai fita sai ruwa ya tsaya.

"Na kwana ido biyu," in ji ta. "Na ce wa zai hau hanya cikin wannan ruwa. Ban san yarinyar za ta zo ba. Uban Hye-ran, ni na goye ta."

"Na sani, Goggo. A zauren nan kika kwana. Akwai waya a jikin bangon can, akwai mai gari a gefenki. Kalma ɗaya ce."

Ta ce ta ji tsoron tara, ta ji kunya.

"Jiya fa? Da na fasa tagar mutumin nan kina tsaye, na gan ki."

Sai ta fashe da kuka. Matar da ke kusa da ita ta rungume ta, ta ce haba, tsohuwa ce, ba da gangan ta yi ba, gwamnati ce ta jawo. Nan ne Man-gil ya buga tebur, tushen riɗin ya yi tsalle.

"Ita tsoro ne ya rufe mata baki. Ku fa? Ni ɗan daji ne, ba na kallon gona. Ku kullum ta nan kuke wucewa. Kun ga furen. Kun san abin da yake nufi tun kafin 'yata ta faɗa rafi, kun sani da safen da ta faɗa. Kuka dubi juna, kuka nemi wanda ba shi da kowa a garin nan, kuka nuna mini shi. Kuka sake ni a kansa kamar kare."

Mai gari ya ce a hankali, ba wanda ya yi ƙarya, shi dai babur ya ce ya gani, kuma ya gani. Tsohuwa ce mai shekara tamanin, in ji shi, wa zai iya miƙa ta? Shi Ra kuwa yana da inda zai koma.

Gu mai gwangwan ya yi tsaki daga baya, ya ce shi ɓarawo ne kowa ya sani, amma bai taɓa sace wa mutum suna ba. Seok ya ɗauke takardar roƙon daga kan tebur, ya ninke, ya ce da tsohuwar za su je ofis gobe a yi magana, kuma akwai tambayoyin da zai yi wa masu makullin da tsatsa ta cinye. Ra ya miƙe ba tare da ya dubi kowa ba, ya sa takalmansa, ya fita.

*

Gari na wayewa Man-gil ya sauko daga bas ɗauke da gilashi a bayansa, ɗaure da igiyar farauta. Ya cire kwalin, ya ɗora gilashin, ya like. Ra na zaune yana kallonsa, bai taya shi ba. Da ya gama ya tsaya a gabansa, ya sunkuya har ƙasa kamar yadda ake yi wa babba, ko da yake shi ne ya girmi Ra. Ya ce ya yi harbi bai ga dabba ba.

Ra ya dubi sabon gilashin. A bayansa an fara ɗaure kwanuka cikin kwalaye. Man-gil ya gan su, ya tambaye shi ko tafiya zai yi.

"Ban yanke ba," in ji Ra. "Gilashi dai ka gyara. Sauran ba a ɗauko shi a bas."

"Me zan yi?"

"Zauna can jikin tagar, inda duk mai wucewa zai gan ka. Gobe ma ka zo. Jibi ma."

Man-gil ya zauna. Ra ya kwance kwali ɗaya, ya fiddo kwano, ya shiga ya ɗora ruwa. A waje matar mai gari ta zo wucewa da kwandonta, ta hango shi, ta rage tafiya. Bai kawar da ido ba, sai ita ta kawar.

Taliyarmu ta nan da man riɗin daji ake cinta, kuma duk garin mutum ɗaya ke matse mai kyau. Ra ya leƙo daga ɗakin girki, kwalbar a hannunsa, sauran na bara, rubutun tsohuwar a jiki. Ya dube ta, ya dubi Man-gil.

"Da mai, Yaya?"

Man-gil ya kalli kwalbar. Irinta ce ke kan shiryayye a gidansa, wadda Hye-ran ke zuba wa shinkafa tun ba ta iya magana ba. Bai riga ya gaya mata sunan wadda ta kashe allon ba, kuma da yamma zai je asibiti.

Ya ce, "Kawo ta haka nan, ba mai."